Wanda Ya Ara wa Denis Bayansa

Sana'ata tura fim. Ina da ɗan shago kusa da tashar da motocin hamada ke lodi a Agadas, kuma masu tafiya haƙar zinariya su ne mutanena. Suna zuwa in cika musu kat memwar da finafinai da waƙoƙi kafin su shiga inda babu rezo, inda waya ba ta kamawa. Sunana Ya'u. An ce ba ni da haƙuri, ban kuma musa ba. Duk wanda ya yini ana tambayarsa wane fim ne ya fi yawan faɗa, ba zai kai la'asar da fara'arsa ba.

Inna Suwaiba ba ta cikin masu sayen fim. Lemun Timia take sayarwa a gefen ƙofata lokacin sanyi, in lemu ya ƙare ta koma dabino. Mun yi shekaru ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa da canji. Rannan da hantsi ina gwada wani seri na 'yan sanda da aka juya zuwa Faransanci, sai na ga inuwa ta tare mini hasken ƙofa.

"Ya'u, tsai da wanga mutum."

Na tsayar da hoton. Wani anasara ne dogo, furfura ta fara cin gefen kunnensa, ya jingina da mota yana shan kafe.

"Ya ci tuwo gidana," in ji ta.

Na yi dariya har na buge gwiwa da teburi. Ita ba ta yi ba. Ta ajiye farantin lemunta a kan bencina ba tare da na ce bismillah ba, ta zauna, ta ba ni labari idonta na kan tele.

Shekarar da fari suka cinye gonaki, wasu masu yin fim sun zo Agadas. Mijinta Ɗahiru shofer ne na masu yawon buɗe ido a lokacin. Ita ba ta taɓa faɗin sunansa, Malam take cewa, a bakin tsofaffin tasha na san sunan. Shi ya riƙa kai masu fim ɗin cikin rairayi. Wannan anasaran shi ne babban ɗan wasansu, amma gwiwarsa ta ƙi rairayi, in ya hau tudu ɗaya sai an kwana ana gasa masa ita. Sai aka lura tsawonsu ɗaya da Ɗahiru, kafaɗa ma ɗaya. Daga ranar, duk inda za a ɗauki jarumin daga nesa, sai a tuɓe wa anasara riga da rawani a sa wa Ɗahiru, a ce ya juya baya ya yi ta tafiya.

"Huska ta anasara, baya na Malam," in ji ta. "Haka ya hwaɗa mini, shina dariya. Da sun gama ya kawo shi gida, ya zauna bisa tabarma da ƙahwahu miƙe kamar mai jego."

Sauran labarin na sani, don duk tasha ta sani. Masu yawon buɗe ido sun daina zuwa. Ambaliya ta ci gidansu, ta tafi da akwatin da hotunansu ke ciki. Da aka ga zinariya a arewa, Ɗahiru ya koma ɗaukar mahaƙa, har tafiyar da motarsa ta bar rijiyar ƙarshe ba a sake ganinta ba. Babu gawa, babu kabari. Hoto ɗaya da ya rage nasa shi ne na kartidanti, katin shaidar ɗan ƙasa, shi kuma yana aljihunsa.

"Na hwara manta shi, Ya'u," ta ce. "Da, in na ruhe ido sai in gan shi tsab. Yanzu muryar ta tahi, huskar ma tana tahiya. Tsoro nika ji. Nemo mini him ɗin ga in ga ko bayanshi ne."

Na so in ce mata ni ba ofishin neman ɓatattu ba ne. Bakina ya buɗe ma. Abin da ya fito shi ne, "To, Inna, mu gani."

Sunan anasaran na samu a rubutun ƙarshen seri ɗin: Denis Varrick, mutumin Ostiraliya. Na tono shi a intanet, na ga ya daɗe a sana'ar, finafinansa sun fi ƙarfin yatsun hannu da na ƙafa. Na ga sunan fim ɗin hamadar ma, a tsakiyar jerin. Ƙaramin fim ne da Faransawa suka haɗa gwiwa da mutanen ƙasarsu suka yi, aka nuna shi 'yan kwanaki, ya nutse. Duk inda na danna sai a ce mini babu. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, balle da na karanta cewa ƙasar tasu ma yawancinta hamada ce, har raƙuma gare su da ke yawo ba mai su. Suna da tasu a gida, suka tsallako duniya suka zo tamu, sannan suka ɓatar da fim ɗin.

Na gaya mata sai ta yi haƙuri. Ta ce to, kafin nan in nuna mata sauran. Wai tana so ta san mutumin da ya ari bayan mijinta.

Haka muka shiga. Tsakanin azahar da la'asar tasha kan mutu, 'yan lodi su kwanta ƙarƙashin manyan motoci, awaki ma su daina kuka. Lokacin nan Inna Suwaiba za ta rufe lemunta da tsumma mai ruwa ta shigo. In saki labule, ɗakin ya koma launin shayi, fanka na juyawa in akwai kuran, wato wutar lantarki. Ta ɓare lemu ta miƙo mini rabi, mu kalli Denis.

Finafinan ba a jere suke zo mini ba, wanda na samu shi nake sawa. Yau Denis tsoho ne mai tari, gobe ya wayi gari saurayi. A na farkonsa yaro ne ƙirji a waje, gashi ja kamar an sa masa lalle, aikinsa ya zauna a kan doguwar kujera bakin teku yana jiran wanda ruwa zai ja. Inna ba ta taɓa ganin teku ba. Ta daɗe tana kallon igiyar ruwa na tasowa tana faɗuwa, sannan ta ce ai wannan tudun rairayi ne da ya kasa zama wuri ɗaya. Daga ranar in na sa wani fim ba teku a ciki sai ta yi ƙorafi.

Bayan teku ya zama likitan ƙauye mai yawo da ƙaramin jirgin sama. Daga nan ya tafi Amurka neman suna, su kuwa suka ba shi aikin mugu na biyu, wanda ke tsaye bayan babban mugu ya naɗe hannu har a zo a harbe shi. An kashe Denis a gabanmu ta kowace hanya. An jefo shi daga bene, an nutsar da shi, an ƙone shi cikin mota. Karon farko Inna ta yi salati ta rufe fuska da mayafi, sai da na rantse mata yana nan da ransa yana cin kuɗinsa. Da tafiya ta yi nisa, in aka harbe shi sai ta ce, "Sannu, Denis," ta ci gaba da ɓare lemunta.

Ba ta jin Faransanci sosai, ni kuma na gaji da fassara, don haka ta koma tsara nata labarin. Duk matar da ta fito tare da shi, ita ce matarsa ta fim ɗin jiya ta sake kama. Duk yaron da ya riƙe wa hannu ɗansa ne. A wurinta rai ɗaya ne Denis yake ta yi, mai tsawo, mai yawan mutuwa. Wata rana sai ni ma in kama kaina ina kallonsa haka. Zafi ya sauko mana, gyangyaɗi ya ɗauke ni, in farka in tarar Denis ya bar jirgin ruwa yana kan doki, Inna na yi masa faɗa a hankali kan ya cika yarda da mutane. A waje wani shofer na kiran fasinjan Arlit da murya mai barci. Ban san ko rabin sa'a ta wuce ba ko shekara goma.

Ba zan ɓoye ba, na so waɗannan ranakun. Ni da ke korar mutane in sun daɗe a bencina, na koma leƙa ƙofa in azahar ta yi ba ta shigo ba.

Lemu ya ƙare, dabino ya zo. Wata rana ta shigo ba ta ɗauko komai ba, ta zauna a bakin benci kamar baƙuwa.

"Ya zo mini cikin barci jiya," ta ce.

"Madalla, Inna. Ai abin da kike so ke nan."

"Ya shigo da sallama, ya aje takalmi inda ya saba. Na kawo mishi ruwa. Da ya sauke rawani zai sha, sai na ga huskar Denis."

Ta ce ba yau aka fara ba. Tun tana iya kamo gefen fuskar mijinta, hancin ko gemun, yanzu duk lokacin da ta nema sai anasaran ya riga shi zuwa, da idanunsa masu ruwan toka. Ta faɗi haka ba kuka, kuma rashin kukan ya fi tayar mini da hankali.

Raina ya ɓaci, na rasa da wa. Na ce mata an gama, ba na ƙara sa mata ko fim ɗaya, mun zo neman mutum muna ƙara binne shi. Na kashe tele na zare waya. Ta dube ni yadda ake duban yaron da ya fasa ƙwarya.

"In na bari yanzu, da mi zan tahi gida? Sa mini, Ya'u."

Na sa mata. Na ƙarshensa ne da ya fito bara, inda yake tsoho mai kiwon tumaki, matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse birni. Ya rame, wuyansa ya saki, yana jan ƙafar nan da ta ƙi rairayinmu. Akwai inda ya zauna a bakin ƙofa da yamma yana ƙoƙarin zura zare a allura ya kasa. Inna ta kalle shi har ya haƙura ya ajiye.

"Shi an bar shi ya tsuhwa," ta ce. Wannan karon ta yi kuka, ni kuma na juya ina gyara wayoyin da ba abin da ya same su.

Daga ranar na bar barcin rana, na bar hira da 'yan tasha. Na shiga kowane lungu na intanet da na sani da wanda ban sani ba. Na rubuta wa mutanen da ban san ko suna raye ba. Na sauko da finafinai masu irin sunan, in buɗe in tarar da wani abu daban, har da na kiwon zuma. A ƙarshe a wani shafin Rashawa na same shi, an canja masa suna, hoton ya dushe. Mutum ɗaya ne ya juya shi zuwa harshensu, shi ke maganar maza, shi ke ta mata, duk da murya ɗaya kamar mai karanta sanarwar rasuwa. Kuran ya yi ta ɗaukewa yana mayar da ni baya kafin ya gama sauka. Ban buɗe shi ba. Na ga bai kamata in riga ta gani ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta zo. Ta sa atamfar da ban taɓa ganin ta da ita ba, ta sa kwalli, ƙamshin turaren wuta ya riga ta shigowa. Na ji tsoro sosai. Na san yadda masu fim suke, suna iya ɗaukar mutum wata guda su yanke shi duka su zubar. Na rufe ƙofar shago, abin da ban taɓa yi ba da rana.

Labarin ba wani abu ba ne. Wani mutum ne ya zo neman ƙanensa da ya ɓace a hamada. Denis na nan da sauran ƙuruciyarsa, rana ta ƙona masa hanci. Muka ga kasuwar dabbobi, muka ga hasumiyar babban masallaci ta wuce ta tagar mota, Inna ta ce "A'a, ga gida," kamar ba a cikinsa muke zaune ba. Sai aka fita gari. Duwatsun Ayar suka taso baƙi ƙirin, suka koma shuɗi, suka narke. Barashen nan na ta zuba shi kaɗai, ba wanda ya san me yake cewa.

Can aka nuno mutum daga nesa a kan tudu, da rawani da riga mai ruwan ƙasa. Na tsayar.

"Shi ne?"

Ta matso har numfashinta na taɓa gilashin. Ta daɗe.

"Ban sani ba," ta ce.

Aka sake nuno shi yana jan raƙumi, ɗan ƙarami a ƙasan allo. Aka nuno shi yana gangarowa wani kwari. Kowane karo in dube ta, ta girgiza kai.

"Baya dai baya ne, Ya'u," ta ce da wata ƙaramar murya. "Shekara nawa ina bin bayan ga da kallo in zai hita, ga shi ban gane shi ba. Wace irin mata ce ni?"

Na ce hoton ne ba kyau, Rashawa sun lalata shi. Ba ta ko saurare ni ba. Ta koma ta jingina da bango, ta bar fim ɗin yana tafiya don kansa, ni ma na daina tsayarwa.

Aka zo kusa da ƙarshe. Motar mutumin ta mutu a tsakiyar fili, ba itace ba inuwa. Aka matso da fuskar Denis, leɓensa ya tsage. Ya laluba jaka ya fito da guntun burodi, abin da ya rage masa ke nan. Ya dube shi, ya yi wata dariyar baƙin ciki, ya yi jifa da shi ƙasa da ƙarfi. Ya ja rawani ya rufe fuska, ya juya.

Sai hoton ya koma nesa. Ga mota, ga mutum ya ba mu baya ya kama tafiya. Ya yi 'yan taku, sai ya rage sauri. Ya tsaya. Ya ɗan karkata kai kamar wanda abu ya dama, sannan ya dawo da baya, ya sunkuya ya ɗauki burodin da hannun dama. Ya hure masa rairayi, ya goge shi da gefen riga, ya ɗora shi a kan motar inda ƙafa ba za ta taka shi ba. Sannan ya juya ya ci gaba da tafiyarsa.

Mutumin da ya jefar da abinci da fushi ba shi ne wannan ba. Wannan an yi masa tarbiyya a gidan da ba a tsallake abinci a ƙasa, ko da anasara goma na ihu a bayansa cewa ya wuce. Ban san me ya sa mai fim ɗin ya bar wurin bai yanke ba. Wataƙila rana ce ta kusa faɗuwa, ba lokacin sakewa.

Inna Suwaiba ta riga ta miƙe tsaye. Ban ga lokacin da ta tashi ba.

"Malam," ta ce.

Na kai hannu zan tsayar mata da hoton, ta riƙe mini wuyan hannu.

"Bar shi. Kar ka tsai da shi."

Barashen ya yi shiru, sai iska kawai ake ji. Ɗahiru na tafiya, kafaɗar hagu ta ɗan fi ta dama sauka, yana jefa ƙafa a hankali irin na wanda ya san rairayi ba a yi masa gaggawa. Inuwarsa ta miƙe doguwa a gefensa. Inna na murmushi, hawaye na bin kwallin suna sauka, bakinta na motsi. Ta ce ga wuyansa nan, ga yadda yake riƙe hannu, yanzu ta ga fuskar ma, wallahi ta gan ta. Ni ban ga komai ba sai bayan mutum yana ƙanƙancewa, amma na yarda da ita.

Ya yi nisa har ya koma kamar ƙwayar dabino a kan faranti. Sai murmushin ya bar fuskarta. Idonta ya koma kan motar da ya bari, inda bidon ɗin ruwan sha ke rataye a gefe cikin rigarsa ta buhu. Ta saki hannuna ta taka har gaban tele, ta ɗaga murya kaɗan, yadda mace ke kiran mijinta daga bakin zaure don kar maƙwabta su ji.

"Malam, ruwa. Ba ka ɗauki ruwa ba."

Bai juyo ba. Ya hau tudun ƙarshe ya gangara ta bayansa.